Murhu da Oben, a Haɗe ko a Rabe? Sharhi ga Masu Shirin Haɗa Kicin

Duk mai ginin gida a birane irin su Kano, Kaduna, Abuja, Maraɗi ko Yamai a 'yan shekarun nan, da iyayen da ke haɗa wa 'yarsu kayan ɗaki, sukan tsaya cak idan aka zo kan kicin. Shin a sayi tsayayyen murhun nan mai oben a jikinsa, ko kuwa a dasa murhu a saman kanta, sannan a kafa oben dabam a jikin bango? Kafinta yana da amsarsa, mai shago yana da tasa, hotunan da ke yawo a Instagram da TikTok su ma suna jan hankali zuwa wani ɓangare.

Mutane da yawa sun ɗauka bambancin na tsohon yayi da sabon yayi ne, ko na mai ƙaramin ƙarfi da mai hali. Wannan fahimta ita ce tushen ruɗanin. Tsari biyu ne, kowanne da irin gidan da ya dace da shi, kuma abubuwa huɗu ne ke raba gardama: gidan na wane ne, wane makamashi ake samu a kai a kai, wane irin abinci ake dafawa, sannan wa zai gyara idan abu ya lalace.

Ma'anar kalmomin

Kuka kalma ce ta aro daga Turanci, ana nufin murhun zamani mai aiki da gas ko lantarki. Oben, ita ma ta aro, akwati ne rufaffe da ake tara zafi a cikinsa don gasa biredi, kek, kaza ko kifi. Aikinsa ɗaya da tanderun da ake gasa gurasa, sai dai shi da ƙarfe aka yi shi kuma ana iya rage zafinsa ko a ƙara.

Tsayayyen murhu shi ne wanda ya zo a dunƙule: kawunan wuta a sama, oben a ƙasa, yana tsaye da ƙafafunsa, ana iya jan sa daga wuri zuwa wuri. A kasuwanninmu an fi samun mai faɗin santimita 50, 60 ko 90. A Amurka da inci suke awo, kuma mai inci 30, wato kimanin santimita 76, shi ya fi yawa a can.

Dasasshen murhu, wanda masu shago ke kira hob, faranti ne na ƙarfe ko gilas mai ɗauke da kawunan wuta kawai. Ana yanka masa rami a saman kantar kicin a zaunar da shi, ya zama daidai da dutsen kantar. Ba shi da oben. Oben ɗin bango kuwa akwati ne da ake zura shi cikin doguwar kabad, a tsayin ƙirji ko kusa da haka. Wasu kan ɗora biyu, ɗaya a kan ɗaya, ko oben ɗaya da na'urar ɗumama abinci a samansa.

Akwai kuma indakshin, wato murhun lantarki da ke aiki da maganaɗisu. Ba ya fitar da harshen wuta, gindin tukunyar ne da kansa ke ɗaukar zafi. Regileta kuma ita ce na'urar da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas don ta rage ƙarfin iskar kafin ta bi tiyo ta isa murhu.

Yadda tsarin biyu suka samo asali

Haɗa murhu da oben a jiki ɗaya ya samo asali ne daga zamanin itace da kwal a Turai. Tunda wuta ɗaya ake hurawa, sai aka ga hikimar a sa ta yi aiki biyu: ta dafa abin da ke sama, ta gasa abin da ke gefe. A ƙarshen ƙarni na 18 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, ya tsara rufaffen murhu mai tattalin makamashi a ƙasar Bavariya da ke Jamus ta yau. A 1826 James Sharp ya yi rajistar murhun gas a garin Northampton na Ingila, ya buɗe masana'anta a 1836. Ko da gas da lantarki suka maye gurbin kwal, siffar ta ci gaba da zama yadda aka saba da ita, duk da cewa dalilin haɗin ya kau, domin yanzu kowane kai yana da wutarsa.

Sauyin ya zo ne daga masu zanen gidaje. A 1926 wata mai zanen gini 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin mai kabad kafaffu don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt, aka gina shi a gidaje kusan 10,000. Daga nan tunanin a auna kicin a gina kayansa a jikinsa ya bazu. A 1947 kamfanin Thermador na Amurka ya fito da oben ɗin bango tare da murhun da ake dasawa dabam. Tsarin ya karɓu ne a wuraren da lantarki ba ya yankewa, inda kuma ake yawan girka abincin gida a oben. Duk da haka, har yau tsayayyen murhu shi ya fi yawa a gidajen Amurka, abin da ke nuna cewa su kansu masu tsarin ba su ɗauke shi tsohon yayi ba.

A ƙasar Hausa tarihin dabam ne. Murhun duwatsu uku shi ne na tuwo da miya, tanda ta waina ce, kasko na suya. Gashi kuwa galibi sana'ar waje ce: masu gurasa da tanderunsu, mahauta da tukubarsu, daga baya kuma gidajen biredi. Risho ya zo, gas ya biyo baya, amma oben bai taɓa zama jigon girkin yau da kullum ba. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin muhawarar haɗe ko rabe muhawara ce a kan oben, alhali a yawancin gidajenmu kawunan sama ne ke ɗauke da nauyin aikin.

Abin da ya jawo ruɗani

Dalili na farko shi ne hoto. Kicin ɗin da ake nunawa a intanet yawanci na ƙasashen da ke da wuta dare da rana ne, da gas mai zuwa ta bututu har cikin gida. Hoton yana nuna ƙyalli da tsari, ba ya nuna wayar da aka binne a bango ko kuɗin wutar da ake biya a ƙarshen wata.

Na biyu, masu ba da shawarar suna da abin da za su samu. Kafinta ya fi cin riba idan zai yi doguwar kabad ya yanka dutse, mai shago kuma ya fi son ya sayar da na'ura biyu a maimakon ɗaya. Wannan ba ha'inci ba ne, kowa tallar hajarsa yake yi, amma ya kamata mai saye ya san da haka.

Na uku, ana gauraya tambayoyi biyu da ba ɗaya ba. Haɗe ko rabe tambaya ce a kan siffa. Gas ko lantarki tambaya ce a kan makamashi. Akwai tsayayyen murhu na gas zalla, akwai mai kawunan gas uku da farantin lantarki ɗaya, akwai mai gas a sama da oben na lantarki a ƙasa. Sai dai a aikace tambayoyin suna da alaƙa, domin akasarin oben ɗin bango da ke kasuwa na lantarki ne. Saboda haka wanda ya zaɓi a raba, sau da yawa ya zaɓi gashi da lantarki ke nan ba tare da ya lura ba.

Hujjojin masu goyon bayan a haɗe

Masu wannan ra'ayi sukan fara da kuɗi. Na'ura ɗaya ce, ba ta buƙatar kabad ta musamman, ba a yanka mata dutse. Ana kawo ta, a haɗa tiyo da regileta, a ɗora tukunya a ranar. Idan na gas ne zalla, da ashana kawai za a dafa kuma a gasa, ko da an kwana bakwai ba a ga wuta ba.

Sai batun wuri. A faɗin santimita 60 an samu kawuna huɗu da oben. Idan aka raba, murhun zai ci santimita 60 na kanta, doguwar kabad ɗin oben ta ci wasu 60 daga ƙasa har sama, a wurin da da an samu filin yanka kayan miya. A ƙaramin kicin irin na gidajen haya wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Hujja ta uku ita ce sauƙin sauyawa. Idan ya tsufa, a janye shi a tura wani mai faɗi ɗaya. Idan an tashi daga gida, a ɗora shi a mota tare da sauran kaya. Sannan masu gyaran irinsa suna nan a kusan kowace unguwa, kayan gyaransa kuma ba sa wahalar samu.

Raunin da ake kawo masa shi ne sai an durƙusa kafin a duba abin da ke cikin oben, kuma mai juya miya yana tsaye ne a gaban zafin oben idan ana aiki da duka biyu. Mai da ɓurɓushin abinci suna zuba a tsagar da ke tsakaninsa da kanta, su jawo kyankyaso. Haka kuma oben ɗin gas na ƙananan murhu masu araha daga ƙasa kawai yake ba da zafi, shi ya sa masu kek ke kukan gindi ya ƙone sama bai yi ba.

Hujjojin masu goyon bayan a rabe

Babbar hujjarsu ita ce sauƙi ga jiki. Oben da ke daidai ƙirji ba ya buƙatar sunkuyo, ana ganin abin da ke ciki ta gilas, ana fito da faranti mai nauyi ba tare da ƙugu ya ɗauka ba. Ga mai juna biyu, ko dattijuwa, ko mai fama da ciwon baya da gwiwa, wannan amfani ne na gaske. Sharaɗin kawai shi ne a auna tsayin da mai girkin, ta yadda tsakiyar oben ɗin zai zo kusa da gwiwar hannunta. Idan ya yi sama da yawa, fito da abu mai zafi ya zama haɗari.

Hujja ta biyu ita ce raba aiki. A gidan da mutum biyu ko uku ke girki lokaci ɗaya, kamar a watan azumi, mai suya tana gefe, mai gashi tana wani gefen, ba mai tare wa wani hanya. Ta uku, ana iya zaɓar kowanne bisa cancantarsa: murhun gas mai kawuna biyar don manyan tukwane, da oben na lantarki mai fanka a ciki wadda ke baza zafi ko'ina daidai. Mai sana'ar kek ko biredi a gida ta san darajar wannan. Idan kuma ɗaya ya lalace, ɗayan yana nan yana aiki. Ƙasan murhun ma ya zama durowar tukwane.

Nasa raunin shi ne tsada, da dogaro ga ƙwarewar mai haɗawa, da wahalar sauyawa. Ramin da aka yanka a dutse ba ya komawa. Murhu mai faɗin santimita 60 yakan buƙaci rami na kimanin 56 da 49, amma kamfanoni suna ɗan bambanta, don haka wanda za a saya bayan shekaru ba lalle ya zauna a ramin ba.

Batun wuta da gas

A nan ne yanayinmu ya sha bamban da na ƙasashen da aka ƙirƙiro tsarin. Oben na lantarki guda ɗaya yakan ja tsakanin kilowat 2 zuwa 3 da ɗoriya. Dasasshen murhun indakshin mai kawuna huɗu yana iya kaiwa kilowat 7 idan an kunna duka. Soket ɗin bango irin wanda aka saba da shi a Najeriya, mai amfiya 13, iyakarsa kusan kilowat 3. Ma'ana, irin waɗannan na'urori suna buƙatar wayarsu mai kauri tun daga allon rarraba wuta, da birekarsu, da wayar ƙasa mai kyau. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar su, haka ma yawancin sola da inbatar da ake sakawa a gidaje don fitila, fanka da firji.

Sai samuwar wutar kanta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Sauran rukunonin suna biyan ƙasa da haka, amma awanninsu ma sun yi ƙasa. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda matsalar manyan layukan dakon wuta. A Nijar kuma, bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take turawa, ba ta dawo da ita ba sai a 2024. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna babban janareta don gasa kek ya zama lissafin da sai an yi a hankali. Gidan da oben ɗinsa na lantarki ne kawai, a irin waɗannan lokuta ba shi da oben.

Wannan ba ya nufin lantarki ba shi da fifiko. Indakshin yana isar da kusan kashi 85 cikin 100 na makamashinsa ga tukunya, shi kuwa gas abin da ke isa bai fi kashi 30 zuwa 40 ba, sauran ya bi iska ya ɗumama kicin. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da makamashi kwatankwacin yunit 13 na lantarki. Idan aka cire asarar kowanne, aikin da kilo ɗaya na gas zai yi, indakshin zai yi shi da yunit 5 zuwa 6. Da wannan kowa zai iya lissafa wa kansa: ya ninka farashin yunit ɗinsa sau shida, ya kwatanta da farashin kilon gas a garinsu. Amma lissafin yana aiki ne kawai idan wutar tana nan a lokacin da ake ɗora sanwa.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa game da murhun gas da aka shigo da shi daga Turai. Da yawa an saita su ne don gas ɗin bututu, wanda ƙarfinsa da sinadarinsa suka bambanta da na tukunya. Dole a sauya nozul, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da iskar ke fita ta cikinsa, a sa na gas ɗin tukunya, wanda galibi yakan zo a cikin kwalin. Idan ba a sauya ba, wutar za ta tashi da yawa, ta yi ja, ta baƙanta tukunya. Wuta mai kyau shuɗiya ce.

Irin girkin da ake yi

Tuwo, shinkafa, dambu, ɗanwake, fate, miya, ƙosai, waina, alkubus, duk a saman wuta ake yin su. Saboda haka abin da ya fi cancantar a duba shi ne ƙarfin kawunan, da tazarar da ke tsakaninsu, da ƙwarin ƙarafan da tukunya ke zama a kai. Tuƙin tuwo aiki ne na ƙarfi: ana danna muciya, tukunya tana motsi. Murhun da fuskarsa gilas ce yana iya tsagewa idan babbar tukunya ta faɗo masa ko ta rufe kai har zafi ya taru a ƙarƙashinta. Fuskar ƙarfe da matokarai masu kauri sun fi jure wannan aiki, a haɗe ne ko a rabe. Tsayin kanta, wanda yakan kai santimita 90, shi ma ya yi wa tuƙin babbar tukunya sama, shi ya sa gidaje da yawa ke ajiye gajeren murhu mai kai ɗaya don tuwo.

Indakshin kuma yana zaɓen tukunya. Sai wadda maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tukwanen alminiyam da maƙeranmu ke zubawa, da tukunyar ƙasa, ba sa aiki a kansa. Wanda ya saye shi, ya sa kuɗin sababbin tukwane a lissafi.

Game da oben, tambayar da ta dace ita ce sau nawa ake kunna shi. A gidaje da yawa sai da salla ko biki, sauran shekara ma'ajiyar faranti ne. Kashe kuɗi mai yawa a kafa oben biyu a bango saboda gashin sau uku ko huɗu a shekara ba tattali ba ne. Amma ga wadda ke karɓar odar kek, ko gidan da gasasshen kifi da kaza suka zama abincin mako-mako, oben mai kyau jari ne.

Gidan wa, kayan wa

Wannan ɓangare ba a cika samun sa a bayanan kamfanoni ba, amma a wurinmu yana da nauyi. A al'adance kayan ɗaki mallakar amarya ne, iyayenta suka saya mata, duk inda ta koma da su take tafiya. Tsayayyen murhu ya dace da wannan al'ada. Dasasshen murhu da oben ɗin bango kuwa sun zama ɓangaren gini. Idan iyayen amarya suka kashe kuɗi suka kafa su a gidan haya, ko a gidan da ba nata ba, ranar da aka tashi za a iya ciro na'urorin, amma kabad ɗin da dutsen da aka yanka daidai awon wancan ɗaki da wuya su shiga wani. Idan kuma aka samu saɓani, kayan da aka kafa a bango sukan zama abin jayayya.

Maslaha ita ce a fayyace tun farko. Abin da za a kafa a jikin gini ya fi dacewa ya zama nauyin mai ginin, abin da ake ɗauka kuma ya shiga kayan ɗaki. Ɗan haya da ke son kafa wani abu ya nemi yardar mai gida a rubuce, a ambaci abin da zai faru ranar tashi.

Kuɗin da ba a gani, da batun gyara

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta farashin tsayayyen murhu da na dasasshen murhu kaɗai. Lissafin gaskiya na tsarin rabe ya haɗa da murhun, da oben, da doguwar kabad, da yankan dutse, da waya mai kauri, da jan bututun gas, da ladan kafinta da mai aikin wuta da mai haɗa gas. Tunda yawancin na'urorin daga waje ake shigo da su, faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara faɗaɗa gibin.

Ingancin katako ma abin dubawa ne. Allunan da ake matsa garin katako a yi su suna kumbura idan ruwa ya shige su, gara kuma ba ta raga musu. Oben ɗin bango yana buƙatar hanyar iska a bayansa, kuma yana da fanka mai sanyaya jikinsa wadda ke ci gaba da juyawa bayan an kashe shi. Idan kafinta ya toshe hanyar iskar, zafi zai riƙa cin kabad ɗin a hankali. Na'urori masu allon taɓawa kuwa, hawa da saukar ƙarfin wuta na iya ƙona ƙwaƙwalwarsu, kuma samun madadinta a wajen manyan birane yana da wuya. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai shago ina wakilin kamfanin yake da kuma ko ana samun kayan gyara. Araha ba ta ado, amma tsadar da ba ta da mai gyara ita ma ba riba ba ce.

Lafiya da kariya

Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo, ƙasa yake kwanciya. Saboda haka rufe tukunyar gas a cikin kabad ɗin da ba ta da mafitar iska, don kicin ya yi kyan gani, haɗari ne babba, kuma an fi yin haka a tsarin rabe. Wurin da ya fi dacewa da tukunyar shi ne waje, a tsaye, cikin keji mai shan iska, a inuwa. A riƙa duba tiyo, domin yana tsufa kuma ɓera na cin sa. Ana gwada mahaɗai da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Tukunyar kanta tana da wa'adi, wanda a Najeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta ƙayyade shekara 15. Yana da kyau kuma a nemi murhu mai na'urar da ke tsayar da gas da kanta idan iska ko tafasar miya ta kashe wutar.

Ga gida mai ƙananan yara, tsayayyen murhu yana da haɗari biyu: ƙofar oben tana zafi a daidai tsayin mai rarrafe, kuma idan yaro ya taka buɗaɗɗiyar ƙofar, murhun na iya kifowa da tukunyar da ke kai. A Amurka saboda haka ne ake haɗa shi da ƙarfen da ke riƙe shi a bango ko a ƙasa. Oben ɗin bango ya fi aminci ta wannan fuska. Kowane tsari aka zaɓa, ƙonuwar gas tana fitar da iska mai cutar da huhu a rufaffen ɗaki, don haka taga ko na'urar zuƙe hayaƙi mai fitarwa waje wajibi ce. Yawanci ana barin tazarar santimita 65 zuwa 75 tsakanin na'urar da murhu.

Hanyoyin da ke tsakiya

Zaɓin bai tsaya a biyu ba. Ana iya dasa murhun gas a kanta, sannan a sayi ƙaramin oben na ɗorawa a tebur wanda ake kunnawa idan an kawo wuta. Ana iya sa oben a ƙarƙashin dasasshen murhun, a samu kyan gani ba tare da doguwar kabad ba, sai dai sunkuyon yana nan. Ana iya kuma barin gurbi daidai awo a tsakiyar kanta a tura tsayayyen murhu, wanda idan an yi aikin da kyau ba ya rage wa kicin kwarjini. Manyan gidaje da yawa suna da kicin biyu, na ciki don girkin yau da kullum, na waje don itace ko gawayi a ranar suna da biki. A irin wannan gida tsarin rabe ya fi samun gindin zama, domin aiki mai nauyi yana da wurinsa.

Abin da sharhin ya tsaya a kai

Ga ɗan haya, da amaryar da ake yi wa jere, da mai ƙaramin kicin, da duk wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, tsayayyen murhu na gas mai ƙwarin ƙarafa shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Dasasshen murhu da oben ɗin bango sun dace da mai gidan kansa wanda ke da fili, da wuta mai ɗorewa ko sola mai ƙarfin ɗaukar su, da buƙatar gashi a kai a kai ko lalurar da ke hana sunkuyo, kuma a garin da akwai mai gyara.

Mai gini ya yanke shawara tun kafin a yi filasta, domin waya da bututu a lokacin ake binne su. Ya sayi na'urar, ko ya samo takardar awonta, kafin kafinta ya yanka ko da allo ɗaya. Kuma kafin duk wannan, a zauna da wadda za ta tsaya a gaban murhun kullum a ji irin girkin da take yi da abin da take buƙata, domin ita ce za ta zauna da zaɓin shekara da shekaru.